Damagaram da Lissafin Annoba: Tarihin Kwatancen Lissafi a Ƙasar Hausa da Batun Horar da Ɗalibai

1. Gabatarwa

Akwai wani reshe na ilimi da Faransawa ke kira « modélisation mathématique en biologie », watau yin amfani da lissafi domin a kwatanta yadda halittu ke hayayyafa, yadda cuta ke bin jama'a, da yadda fara ko tsutsa ke cin gona. A cikin wannan takarda za mu kira shi « kwatancen lissafi », kuma za mu kawo dalilin zaɓen wannan suna a sashe na 6. Daga farkon ƙarni na 21 zuwa yau an buɗe wuraren horo da dama kan wannan fanni a Afirka, kamar cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 ta kuma yi reshe a Mbour ta Sanagal a 2011, da makarantun ɗan lokaci da cibiyar CIMPA ta birnin Nice ke shiryawa tare da jami'o'inmu. Damagaram kuwa ta samu jami'arta a 2010, tare da Maraɗi da Tawa, wadda daga baya aka raɗa wa sunan masanin tarihi André Salifou.

Abin da muke son nunawa shi ne, ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a tarihin wannan ilimi. Kaɗan daga cikin kwatance mafi shahara na zazzaɓin cizon sauro, da ƙyanda, da sanƙarau, an gina su ne a kan alƙaluman da aka tara tsakanin Kano, Katsina, Maraɗi, Damagaram da Yamai. Alƙaluman sun fito daga nan, lissafin kuwa galibi a Janeba, ko Faris, ko Amurka aka yi shi. Duk wani shirin horo da za a tsara a Damagaram dole ya san wannan tarihi, ya kuma san cewa kowane adadi da ke shiga lissafi ya fara ne a matsayin magana da wani ya faɗa da Hausa.

2. Ƙidaya a Birni kafin zuwan boko

Masarautar Damagaram ta kai ƙololuwar ƙarfinta a zamanin Sarki Tanimu ɗan Sulaimanu, wanda mulkinsa na biyu ya kama daga 1851 zuwa 1884. Salifou (1971) ya bayyana yadda Birni ya zama mahaɗar ayarin Tarabulus da na Kano da na Barno. Gari irin wannan ba ya tafiya sai da lissafi. Ana ƙirga wuri da « hauya » (20) da « zangu » (100) har zuwa « keso » (20.000). Ana fidda zakkar hatsi dami ɗaya cikin goma. A zaurukan malamai kuwa ana karanta ilimin rabon gado, wanda lissafin kashi-kashi ne tsantsa: rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Masu hisabi suna bin masaukan taurari 28 domin su faɗa wa manoma lokacin shuka. Ɗan Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi ya bar littafi a kan hanyoyin gina hatimin lambobi, wanda ya rubuta a 1732 kafin ya rasu a Alƙahira a 1741.

Abin lura a nan shi ne, wannan lissafi duka na dukiya ne da na lokaci. Mutane ba a ƙirga su haka kawai. Har gobe akwai iyayen da ba sa son a ce ga adadin ƴaƴansu, akwai kuma uwar da kunyar ɗan fari ke hana ta ambatonsa. Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin Nijar daga 1911 har zuwa 1926 lokacin da aka koma Yamai, ƙidayar da suka kawo ta haraji ce da ta aikin tilas da ta ɗibar soja. Wanda aka rubuta sunansa zai biya lanho. Saniyar da aka gani za a biya mata jangali. Sabili da haka talaka ya koyi cewa mai ɗauke da littafi da alƙalami ba abokin faɗa wa gaskiya ba ne. Wannan gado bai gushe ba da samun mulkin kai a 1960. Ƙidayar jama'a ta zamani an yi ta a 1977, 1988, 2001 da 2012, kuma ta 2012 ta nuna jahar Damagaram ta fi kowace jaha yawan mutane, da fiye da miliyan 3 da rabi. Amma tsakanin ƙidaya da ƙidaya kintace ake yi, kuma a kan wannan kintace ake raba adadin marasa lafiya.

3. Asalin ilimin a taƙaice

A 1760 Daniel Bernoulli ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Faris da lissafin shekarun da jama'a za su ƙara in aka kawar da agana. A 1838 Verhulst ya rubuta ƙa'idar yadda yawan halitta ke ƙaruwa da sauri sa'an nan ya tsaya idan abinci ya yi kaɗan. Lotka a 1925 da Volterra a 1926 suka kwatanta zaman mafarauci da abin farautarsa. Amma waɗanda suka fi shafarmu su uku ne.

Na farko Ronald Ross, wanda ya tabbatar a 1897 cewa ƙwayar zazzaɓi tana girma cikin sauro. A 1911 ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba: in yawansa ya sauka ƙasa da wani adadi, cutar za ta mutu da kanta. Na biyu Kermack da McKendrick, waɗanda a 1927 suka raba jama'a gida uku: waɗanda cuta ke iya kamawa, waɗanda ta kama suna harbin wasu, da waɗanda suka warke ko suka mutu. Annoba tana tashi ne idan gida na farko ya cika, tana kuma kwantawa idan ya ragu, ko da ba kowa ta taɓa ba. Na uku George Macdonald, wanda littafinsa na 1957 ya yaɗa adadin da ake rubutawa R0, watau mutum nawa mara lafiya guda zai harba idan ya shiga cikin jama'ar da ba ta da garkuwa.

Manomi ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane R0. In ka shuka tiya ɗaya ka girbe abin da bai kai tiya ba, shekara kaɗan iri zai ƙare. In ka girbe fiye da tiya, iri zai yaɗu. Haka cuta take: sama da 1 tana yaɗuwa, ƙasa da 1 tana ɓacewa. Daga nan ake fidda rabon jama'ar da ya kamata a yi wa lamba, watau 1 − 1/R0. Ga ƙyanda, wadda ake ba R0 tsakanin 12 da 18, lissafin yana ba da kashi 92 zuwa 94 cikin 100.

Macdonald ya ƙara da wani abu. Ƙwayar zazzaɓi tana buƙatar kwana 10 zuwa 12 cikin sauro kafin ya iya harbi da ita. In sauro 9 cikin 10 ke kwana da rai kowace rana, wajen 28 cikin 100 ne za su kai kwana 12. In aka rage zuwa 7 cikin 10, kaɗan ne fiye da 1 cikin 100 za su kai. An rage tsawon rai, sauron da ke kai lokacin harbi ya ragu sau 20. Wannan lissafi ne ya ƙarfafa wa hukumar lafiya ta duniya (OMS) gwiwa a shirinta na kawar da zazzaɓi da fesa magani a bangon ɗakuna, wanda ta soma a 1955 ta kuma janye daga gare shi a 1969.

4. Kankiya da Garki: inda lissafi ya gamu da ƙasa

A ƙasar Hausa aka gwada wannan fata, a nan kuma ta karye. Tun 1954 aka soma feshi na gwaji a yammacin lardin Sakkwato, kuma ba a daɗe ba aka ga sauro a ƙauyen Ambursa ya daina mutuwa da maganin dieldrin. A ƙarshen shekarun 1960 aka yi wani gwaji a Kankiya ta ƙasar Katsina, inda aka haɗa feshin DDT da rabon ƙwayoyi ga kowa, bisa abin da kwatancen Macdonald ya hango. Cutar ba ta yanke ba. Nájera (1974) ya bi sawun aikin ya nuna inda abin da aka hango ya saɓa wa abin da aka gani.

Daga nan OMS da gwamnatin Nijeriya suka shirya aikin Garki, daga 1969 zuwa 1976. Garki tana arewa maso gabashin Kano, cikin jihar Jigawa ta yau, wadda ke maƙwabtaka da Magarya da Dungas. Ƙasar iri ɗaya ce da kudancin Damagaram: gero da dawa, gajeriyar damina, tabkuna da ke cika a watan Agusta. An zaɓi ƙauyuka irin su Sugungum, Rafin Marke, Kwaru da Ajura, ana ɗibar jinin mutanensu kowane mako 10, ana kama sauro da dare ana ƙirgawa. Bayan an auna yadda abin yake tun ba a taɓa komai ba, sai a 1972 da 1973 aka fesa propoxur a ɗakuna, a wasu ƙauyukan kuma aka ƙara da rabon ƙwayar sulfalene da pyrimethamine.

Sakamakon ya zama darasi. Feshi ya rage ƙarfin harbin sauro da wajen kashi 90 cikin 100, amma yawan masu ɗauke da ƙwayar cutar a jini bai ragu ba sai da wajen kashi 25. Inda aka haɗa da rabon ƙwayoyi an sauke shi ƙasa ƙwarai, duk da haka harbi bai tsaya ba, kuma da aka daina aikin sai cutar ta koma inda take. Dalili ɗaya shi ne, wani sashe na sauron yana cizo ya fice ya sauka a waje, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Lissafin farko ya ɗauka duk sauro hali ɗaya gare shi. Dalili na biyu, harbin ya yi yawa tun asali har ragowar kashi 10 ta isa ta riƙe cutar.

Daga wannan aiki Dietz, Molineaux da Thomas suka fidda kwatancensu a 1974, wanda ya raba jama'a gida 7 domin ya shigar da garkuwar da jiki ke samu sannu a hankali bayan cizo mai yawa. Molineaux da Gramiccia suka buga cikakken rahoton a 1980. Har yau masu gina sababbin kwatance na zazzaɓi suna komawa ga alƙaluman Garki domin su gwada aikinsu. Watau jinin manoman ƙasar Hausa da ƴaƴansu yana cikin tushen wannan ilimi, ko da yake ɗalibinmu na lissafi kan gama karatu bai taɓa jin sunan Sugungum ba.

Amfanin darasin ya dawo gida daga baya. A 2012 OMS ta ba da shawarar a riƙa ba yara masu wata 3 zuwa 59 ƙwayar rigakafi sau ɗaya a wata lokacin damina, a ƙasashen da mafi yawan zazzaɓi ke faɗowa cikin wata 4. An zana taswirar wuraren da suka cancanta ne ta hanyar haɗa alƙaluman ruwan sama da na marasa lafiya. Magarya tana cikin gundumomin da aka fara wannan aiki a Nijar a 2013. Manufar a nan ta fi ta 1955 tawali'u: a hana yara mutuwa a watannin tsanani, ba tare da alkawarin kawar da cutar ba.

5. Sanƙarau da ƙyanda: lissafin rani

In damina ta zazzaɓi ce, rani na sanƙarau ne da ƙyanda. Lapeyssonnie (1963) ya shata yankin sanƙarau na Afirka tsakanin layin da ke samun ruwan sama milimita 300 da wanda ke samun 1.100 a shekara, kuma Damagaram tana cikinsa. Cutar tana tashi da hunturu, ta tsananta da zafin bazara, ta kwanta da saukar ruwa. A 1996 ta kama wajen mutum 250.000 a Afirka, ta kashe wajen 25.000, kuma arewacin Nijeriya da Nijar suna cikin inda ta fi ɓarna.

Tambayar da ma'aikatan lafiya ke fuskanta ita ce, a wane mako ne za a ce annoba ta tashi, a nemo allura? A shekarun 1990 an tsayar da mutum 15 cikin 100.000 a mako. A 2000 aka sauke shi zuwa 10 ga wuraren da haɗari ya yi yawa, domin an ga jiran 15 yana sa a makara. Masu bincike na cibiyar CERMES ta Yamai da abokan aikinsu na cibiyar Pasteur sun nuna (Paireau da wasu, 2012) cewa annobar kan tsaya cikin ƴan yankunan ƙananan asibitoci, ba ta game gunduma duka. Mu ɗauki misali domin bayani. Gunduma mai mutum 300.000 sai ta samu marasa lafiya 30 a mako kafin a ce ta kai. In wani yanki nata mai mutum 20.000 ya samu 15, a can adadin ya kai 75 cikin 100.000, amma a littafin gunduma 5 kawai za a gani. Yara na mutuwa, alƙalami na cewa lafiya lau. Zaɓen abin da za a raba da shi, ashe, hukunci ne a kan rayuka.

Allurar MenAfriVac da aka soma a 2010 ta kusan kawar da nau'in A na ƙwayar. Wani kwatance da aka buga a 2015 (Karachaliou da wasu) ya yi gargaɗin cewa in ba a ci gaba da yi wa jarirai ba, nau'in zai iya dawowa bayan wajen shekara 15, kuma wannan gargaɗi yana cikin dalilan shigar da allurar cikin rigakafin yau da kullum. Sai dai nau'in C ya maye gurbi. Ya yi ɓarna a Yamai a 2015, sa'an nan daga Nuwamba 2022 zuwa Janairu 2023 OMS ta ba da rahoton mutum 559 da suka kamu a jahar Damagaram, 18 suka rasu.

Batun ƙyanda ya fi kusa da mu. Bartlett ya nuna a 1957 cewa a Ingila gari mai mutum 250.000 zuwa 300.000 ya isa ya riƙe ƙyanda ba yankewa. Ferrari da abokan aikinsa (2008) suka duba alƙaluman Yamai, wadda a lokacin ta ninka wannan adadi fiye da sau biyu, suka tarar cutar tana ɓacewa da damina, wani lokaci ta yi shekaru shiru, sa'an nan ta dawo da ƙarfi kamar yadda ta yi a 2003 da 2004 inda ta kama fiye da mutum 10.000. A shekarun shirun yaran da ba su yi ba kuma ba a yi musu lamba ba suna taruwa, har gida na farko na Kermack da McKendrick ya cika. A Turai buɗe makarantu ne ke tayar da ƙyanda. A nan yawancin masu kamuwa ba su kai shekarun makaranta ba. Me ke tayar da ita ke nan?

Amsar ta zo a 2011 cikin mujallar Science, daga Bharti da abokan aikinta, cikinsu har da Ali Djibo na ma'aikatar lafiya ta Nijar. Sun auna hasken dare da tauraron ɗan'adam ke ɗauka a saman garuruwa uku: Yamai, Maraɗi da Damagaram. Hasken yana ƙaruwa da rani yana raguwa da damina, kuma harbin ƙyanda yana bin sawunsa. Ma'ana, garuruwan suna cika da mutane bayan girbi, suna raguwa idan ruwa ya sauka. Aikin ya cancanci yabo, domin ya ba da ma'aunin abin da ƙidaya ba ta kamawa. Amma sunan abin da aka auna kowane yaro a Birni da Zango da Sabon Gari ya san shi: cin rani. Da masu lissafi na gida ne suka fara gina kwatancen, da ƴan cin rani da almajiran da ke shigowa bayan kaka sun shiga cikinsa tun ranar farko.

6. Kalmomi

A nan ne aikin masu nazarin harshe yake, kuma kashi biyu ne.

Kashi na farko ya shafi kalmomin da adadi ke fitowa daga cikinsu. Uwa ta zo asibiti ta ce ɗanta na « masassara » ko « zazzaɓi »; ma'aikaci ya rubuta « paludisme ». Kafin yaɗuwar gwajin jini na nan take, mafi yawan abin da aka ƙirga a matsayin zazzaɓin cizon sauro ta wannan fassara ya shiga littafi, alhali kalmar Hausa zafin jiki kawai take nufi. « Shawara » kuwa ta haɗa cututtuka da yawa da likita ke rarrabewa. Ƙyanda tana da suna fiye da ɗaya daga gari zuwa gari: « ƙyanda », « baƙon dauro », « dussa », « gaida ». Mai tambaya da ya riƙe suna guda zai rasa amsar wasu gidaje. « Sanƙarau » an gina shi daga « sanƙare » da ɗafin -au, irin na « mantau » da « makarau », watau sunan yana nuna alama ce, sanƙarewar wuya; jariri kuwa sau da yawa ba ya nuna wannan alama, don haka iyaye ba za su kira ciwonsa da wannan suna ba. Wasu sunayen ma suna ɗauke da ilimin lokaci: tsofaffi na kiran agana « ƴan rani ».

Haka batun shekaru. Shirin rigakafin damina yana tsayawa a wata 59, allurar ƙyanda tana farawa a wata 9. Uwar da ke ƙirga damina nawa ɗanta ya yi, ko take bin watannin Musulunci waɗanda shekararsu ta gaza ta boko da kwana 11, ba ƙarya ta yi ba. Ma'auninta ne daban. Kowa a Nijar ya san irin wannan a kasuwa: « ɗari » a bakin mai tebur dala ɗari ce, watau faran 500, jika kuma 1.000. Ɗalibin da ya saba da wannan juyi tun yana yaro ya riga ya san cewa adadi ba ya da ma'ana sai an faɗi ma'auninsa. Har wa yau, Bahaushe yana raba shekara zuwa damina, kaka, hunturu, rani da bazara, kuma wannan rabo ya fi dacewa da tashi da faɗuwar cututtukan nan uku fiye da rabon biyu na littattafan makaranta.

Kashi na biyu ya shafi kalmomin koyarwa. Ga shawarwarinmu a kan huɗu daga cikinsu.

« Modèle »: ana jin « samfuri » da « misali ». Samfuri ɗan yanki ne na kaya da ake nuna wa mai saye, ya fi dacewa da « échantillon ». Misali kuwa ya riga ya ɗauki nauyin « exemple ». Mun zaɓi « kwatance » domin mai yi maka kwatancen gida ba ya lissafa kowane dutse. Yana faɗin kwana da alamomin da za su kai ka. In ka isa, kwatancen ya yi. In ka ɓace, a gyara shi. Wannan shi ne matsayin Kankiya da Garki.

« Seuil »: fassara kai tsaye ita ce « dokin ƙofa », amma ba ta faɗin komai ga mai sauraro. Fiƙihu ya ba mu « nisabi »: adadin da in dukiya ba ta kai shi ba babu wajibi, in ta kai wajibi ya hau. « Nisabin annoba » zai shiga kunnen ɗalibi da na hakimi da na limami lokaci guda.

« R0 »: muna ba da « riɓin iri », bisa misalin tiya da muka kawo.

« Taux »: kalmar Faransanci ta rufe abubuwa biyu, rabo daga cikin jimla da kuma saurin aukuwa cikin lokaci. Hausa na iya raba su: « kashi » ga na farko, « gudu » ga na biyu, kamar gudun harbi a mako. A nan fassara tana gyara abin da harshen asali ya cakuɗa.

Wannan aiki yana da magabata. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, a unguwar Zango. An daidaita rubutu tun taron Bamako na 1966, Nijar ta sake tsayar da ƙa'idojinta a 1999. Abdou Mijinguini ya bar ƙamus na Hausa zuwa Faransanci, a Nijeriya kuma an buga kundin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a 1990 ƙarƙashin Ɗalhatu Muhammad. Sai dai mafi yawan kalmomin lissafi da aka ƙirƙira sun tsaya a matakin firamare. Tun da kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki, tambayar ko Hausa za ta iya ɗaukar darasin jami'a ta tashi daga muhawarar malamai ta koma aikin da ke jiran masu yi.

7. Abin da tarihin ke nema daga shirin horo

Daga abin da ya gabata muna fidda abu huɗu. Na ɗaya, a koyar da Garki, da sanƙarau na Nijar, da ƙyandar garuruwa uku a matsayin ginshiƙin darasi, domin an buga su, kuma ɗalibi ya san ƙasar da ake magana a kai. Na biyu, kowane ɗalibin lissafi ya yi ƴan makonni a ƙaramin asibiti a Mirya, ko Matamai, ko Gure, ya zauna kusa da mai cika littafi, ya ji abin da aka faɗa ya ga abin da aka rubuta. Na uku, a haɗa sashen lissafi da na ilimin halittu da na kiwon lafiya da na harsuna a kan ƙamus guda, ana gwada kowace kalma a aji da kuma gaban ma'aikatan lafiya kafin a tsayar da ita. Na huɗu, a ƙetara iyaka. Annobar 2022 da 2023 ta taɓa Damagaram da Jigawa tare, amma rahoton gefe guda da Faransanci yake, na ɗaya gefen da Ingilishi. Harshen da marasa lafiyar duka suka yi magana da shi Hausa ce. Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta yaye Abba Gumel, ɗaya daga cikin sanannun masu wannan fanni a Amurka, ta fi Yamai kusa da Birni nesa ba kusa ba.

8. Kammalawa

Mun bi hanya daga keson wuri na kasuwar Birni zuwa hasken dare da aka auna daga sama. A kowane mataki mun ga lissafi yana cin nasara gwargwadon sanin ƙasa da ke cikinsa: sauron da ke kwana a waje, yankin da gunduma ta haɗiye, baƙin da ke shigowa bayan girbi. Irin wannan sani yana wurin mutanen ƙasar, cikin harshensu. Kalmomi huɗu da muka kawo somin-taɓi ne, kuma muna gayyatar abokan aiki na sashen lissafi da na ilimin halittu su gwada su a aji, su dawo mana da waɗanda suka ƙi zama. Sauran kalmomi kamar « probabilité », « variable » da « équilibre » za mu duba su a takarda ta gaba.